Kos a makaranta ko bitar coci, wanne ya fi wa malamin kwaya?

Salama 'yan'uwa. Ƙanena na Billiri, ka ce kai ke riƙe da kwayar cocinku, wato ƙungiyar mawaƙa, kuma kana koya wa yara waƙa a wata sakandare mai zaman kanta, kana so ka ƙaro ilimi amma ka rasa ko ka tafi makaranta ka yi kos, ko ka ci gaba da bin bitar da DCC, wato majalisar ikilisiyoyi ta gunduma, ke shiryawa kana zama ƙarƙashin tsofaffin malamai. To gaskiya ba abu ɗaya suke bayarwa ba.

Makaranta dai za ta buɗe maka ido a kan rubutun waƙa na layi biyar, wanda yawancinmu a nan Gombe ba mu iya ba, mun tsaya a solfa, do re mi. Solfa ba laifi gare ta ba, daga Ingila ta zo ta hannun John Curwen kuma ita ta raini kwayoyinmu tun zamanin mishan, amma yawancin takardun waƙa da za ka samu a intanet a layi biyar suke, in ba ka iya ba sai ka jira wani ya juya maka. Can ne kuma za a nuna maka dalilin da ya sa alto da tena, wato muryoyin tsakiya na kwaya, suke karo da juna in ka raba musu murya da ka, da yadda ake ba da hannu mawaƙa su shiga tare su fita tare. Akwai sashen kiɗa a jami'ar Nsukka tun 1961, makarantar tauhidi ta Baptist a Ogbomosho tana koyar da waƙar ikilisiya, MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, kuma tana shirya jarabawa mataki-mataki. Matsalar ita ce nisa da kuɗi, NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, kaɗai shekara 3 ce, wa zai riƙe maka kwaya da iyali?

Amma fa tunda kana aji, takarda ba abin wasa ba ce. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, sai rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, kuma a ƙaramar sakandare waƙa tana cikin darasin CCA ne, wato al'adu da fasaha, tare da zane da wasan kwaikwayo, ba wata bita da za ta ba ka wannan. Ga batun yara maza da muryarsu ke fashewa, yaron da yake soprano, wato murya mafi sama, a zangon farko kafin ƙarshen shekara ya kasa hawa, in malami bai san abin da ke faruwa ba sai ya yi ta matsa masa ko ya ce ya yi shiru, daga nan yaron ya bar waƙa ke nan har abada. Wannan yana ci mini rai sosai.

Bita kuwa kwana biyu ce ko uku, kuɗin mota da tabarma, ka dawo da sababbin waƙoƙi. Rauninta ba mai bin ka ya ga ko ka yi amfani da abin da ka ji, shi ya sa lokacin Kirsimeti za ka ji coci biyar suna waƙa ɗaya da kuskure ɗaya.

Inda nake ɗaga wa tsofaffin malamai hula shi ne harshe. Hausa da Tangale duk harsuna ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana, yawancin waƙoƙin littafi kuma da karin Turawa suka zo aka zuba musu kalmominmu, shi ya sa wani baiti sai ka ji yana tafiya kamar takalmin aro. Zauna da iyayenmu na Zumuntar Mata ko 'yan Sabon Rai ka saurara, karinsu yana bin magana ne, mai bayarwa ta ɗaga sauran su amsa, ganga da kacau-kacau su shigo a inda ya dace, wanda ke can bayan coci ma yana jin kowace kalma. Sannan riƙon mutane, yadda za ka gaya wa mama wadda ta girmi mahaifiyarka cewa tana sauka daga ki, wato muryarta tana kaucewa daga ta sauran, ba tare da ta yi fushi ta daina zuwa ba, ko yadda za ka yi koyon waƙa da damina da mutanen da suka wuni a gona, wannan sai ka ga dattijo yana yi.

Shawarata, kar ka bar bita, kuma ka nemi malami ɗaya a Kaltungo ko cikin Gombe ka roƙe shi ya riƙa zuwa yana kallon yadda kake koyarwa yana gyara maka. Layi biyar ka fara shi yanzu da mai kibod ɗinku. Kos kuma in koyarwa ce abincinka ka yi shi, ko da na hutu ne, ka kai maganar gaban Baba Rabaran da dattawa tun kafin a yi kasafin shekara, don kwayar tasu ce za ta amfana.