Shimfiɗaɗɗen bodi na ƙarfe a kan tsohuwar a-kori-kura: yadda ya yi bayan an sa shi aiki

Bodin da nake magana a kai tsawonsa mita 2.4, faɗinsa mita 2, an haɗa shi ne a madadin na asali da tsatsa ta cinye. Ra'ayina a kansa: ya biya buƙata, amma ya fi ƙarfin motar nauyi, kuma daga zaɓen ƙarfe matsalar ta fara.

Gadonsa dogayen ƙarfe biyu ne masu siffar C na inci 4, sun kwanta a kan shasi. A kansu aka gicciya bututu mai kusurwa huɗu, inci 2, kaurin milimita 3, kowane santimita 40. Wannan tazarar ta yi daidai, daɓen bai lotsa ko'ina ba. Saman kuwa farantin ƙarfe ne mai ƙuraje na milimita 3. Murabba'in mita ɗaya na irin wannan faranti ya kai kilo 24 ko ya ɗan ɗara, ke nan daɓen kaɗai ya wuce kilo 110 tun ba a lissafa gado da shingen gaba ba. Duk kilon da bodi ya ƙara, daga kayan da motar za ta iya ɗauka aka cire shi, kuma tsofaffin sifirin na baya ne ke shan wahalar. Ga mai ƙaramar mota, daɓen katako ya fi, ga shi kaya ba sa zamewa a kansa kamar a kan ƙarfe idan ya jiƙe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗaure shi. Ba a yi wa shasi walda ba ko ɗigo. An bi ramukan da tsohon bodi yake, aka sa ƙusoshi masu noti na milimita 12, masu lambar ƙarfi 8.8, da roba mai kauri a tsakani. Shasi yana murɗawa a hanya mai gargada. Idan aka liƙe shi da walda, gefen waldar ne zai fara tsagewa. Sai dai robar nan tana raba bodi da shasi, don haka fitilun baya za su riƙa kashe ido har sai an ja musu wayar negetif tasu daga shasi.

Wuri biyu ne aikin ya gaza. Na farko saman taya. An auna tazarar ne motar ba kaya, da aka yi lodi sai taya ta riƙa gogar ƙarfen gicciye. Awon da ya dace shi ne a duba tazarar da ke tsakanin gatarin baya da robar da ke tare shi a jikin shasi, a ƙara santimita 3 a kai, ita ce tazarar da za a bari a saman taya. Na biyu bakin tankin mai: ya kwanta da yawa, mai na dawowa, famfo na ta yankewa. Dole bututun ya gangara tun daga baki har tanki, kuma kada siririn bututun iska ya lanƙwashe.

Shingen gaba an bar masa santimita 5 daga kan mota, bai taɓa bugunsa ba. Aljihunan soka sandunan tare kaya da ƙarfen ɗaure igiya a gefe sun sa lodi ta ko'ina ya yi sauƙi.

Wajen walda, a cire wayar batir, a sauke tankin mai ko a yi aikin nesa da motar. A fara ɗiɗɗiga walda, a auna kusurwa zuwa kusurwa su zo daidai, sannan a liƙe faranti gutsi-gutsi ana tsallakewa, in ba haka ba zafi zai kantare shi. Ƙasan bodin a yi masa fentin hana tsatsa kafin a ɗora, a toshe bakin bututun gicciye ko a huda musu ramin fitar ruwa, domin daga ciki suke fara ruɓewa.