Simfonin Beethoven Tara: Wane Faifai Ya Kamata Ka Fara Da Shi?

Beethoven, Bajamushen mawallafin kiɗa wanda aka haifa a 1770 ya rasu a 1827, simfoni tara ya bari, wato dogayen kiɗe-kiɗe na babbar ƙungiyar makaɗa da aka rarraba babi-babi, kuma da wuya ka sami babban madugun makaɗa da bai naɗe su a faifai ba. Shi ya sa in ka nemi simfoni ta 5 a Spotify ko YouTube sai a jibgo maka su rututu, suna ɗaya, amma in ka kunna biyu a jere sai ka rantse ba mutum ɗaya ya rubuta su ba. Hukuncina bayan na jera su na kwatanta shi ne, babu akwatin faifai guda da ya yi zarra a duka taran. Gara ka riƙe akwati ɗaya a matsayin tushe, sannan ka ciko giɓinsa da faifai ɗaiɗai.

Abin da ya fi raba su shi ne sauri. A 1817 Beethoven ya fitar da alƙaluman metronom, wato na'urar ƙidaya bugun kiɗa, na simfoni takwas na farko. Alƙaluman suna da gudu ƙwarai: babin farko na ta 5 bugu 108 ne a minti. Madugan tsakiyar ƙarni na 20 yawancinsu sun yi watsi da su, suka tara makaɗa masu yawa, suka ja kiɗan da nauyi da kauri. Daga shekarun 1980 sai wasu suka koma ga alƙaluman, suka rage yawan makaɗa, wasu ma suka ɗauko kayan kiɗa irin na zamanin mawallafin: goge mai tsirkiyar hanji, ƙaho marar maɓallai, tambura da ake kaɗawa da sanda mai tauri. Da waɗannan, sarewa da ƙaho suna fitowa fili maimakon gogunan su danne su.

In faifai ɗaya kawai za ka saurara, ɗauki na Carlos Kleiber da makaɗan Vienna Philharmonic: ta 5 da aka naɗa a 1974, da ta 7 da aka kammala a 1976, kamfanin Deutsche Grammophon ya haɗe su a CD guda. Ban san wani faifan Beethoven da ya kai shi ba. Babin farko na ta 5 bai kai minti bakwai da rabi ba, yana tafe da zafi amma ba a tattake komai ba. Kasa kunne wajen tsakiyarsa, inda kowa ya yi tsit aka bar mai busa obo, wani abin busa mai kama da algaita, shi kaɗai yana jan wani gajeren kuka; Kleiber ya ba shi sarari ya numfasa kafin guguwar ta dawo. Sai kuma gadar da ta haɗa babi na uku da na huɗu: tambari yana bugawa can ƙasa-ƙasa, gogunan suna lallaɓowa, sannan gaba ɗaya a fashe da ƙarfi, nan ne manyan ƙahoni masu zugewa suke shigowa karon farko. A ta 7 ya raba masu goge gida biyu, rukunin farko hagu, na biyu dama, don haka da abin sauraro a kunne za ka ji suna jifan juna da jimla. Ƙarshen babi na biyu kuma da yatsa aka tsinki tsirkiya, inda yawancin madugai ke sa a goga. Aibinsa ɗaya: sautin ta 7 ya ɗan yi siriri a ƙasa, manyan gogunan ba su cika kunne yadda ya kamata ba.

A akwatin tara cif, wanda ya fi shahara shi ne na Karajan da Berlin Philharmonic, wanda aka naɗa a 1961 da 1962 a cocin Jesus-Christus da ke Berlin, ya fito a 1963. Gogunan suna da sheƙi da santsi, ta 3 da ta 4 da ta 9 sun fito da kyau sosai. Sai dai a kula, Karajan sau huɗu ya naɗi jerin nan a faifai: na shekarun 1950 da Philharmonia ta Landan, wannan na 1963, na 1977, da na shekarun 1980 na farkon zamanin dijital. Na ƙarshen sautinsa na da kaushi a sama, kuma a manhaja bangonsu kan rikita mutum. Duba ƙaramar shekarar da ke ƙasan jerin waƙoƙin kafin ka sauke. Na 1963 ɗin ma yana da rauni: ta 6, wadda ke siffanta ƙauye, an bi ta da gaggawa, kuma ya tsallake wurare da dama da Beethoven ya ce a maimaita. Don ta 6 nemi ta Karl Böhm da Vienna Philharmonic ta 1971.

Ni dai akwatin da na fi ba mai farawa shawara a kai shi ne na Nikolaus Harnoncourt da Chamber Orchestra of Europe, wanda aka naɗa a gaban jama'a a Graz ta Ostiriya a 1990 da 1991, kamfanin Teldec. Kayan kiɗan na zamani ne in ban da kakakin ƙarfe da ya sa aka yi amfani da irin na da, makaɗan ba su da yawa, kuma yana dukan wuraren da Beethoven ya ce a daka da ƙarfi ba tare da ya lallashe su ba. Wanda ya saba da Karajan zai ji kamar an share hazo. Na John Eliot Gardiner na 1994 ya fi shi nisa, da kayan kiɗa irin na da zalla da gudu kusa da alƙaluman metronom. Yana da daɗi a ta 1 da ta 2 da ta 8. In ka ji amonsa ya ɗan sauka ƙasa da na sauran, ba lalacewa ba ce. Kayan kiɗa irin na da a ƙasa kaɗan ake ɗaure amonsu.

Ta 9, wadda aka fara kaɗawa a Vienna ranar 7 ga Mayu 1824, ita ce ba ta yarda da faifai ɗaya ba. Wilhelm Furtwängler ya jagorance ta a garin Bayreuth na Jamus ranar 29 ga Yuli 1951, a bikin sake buɗe dandalin kiɗan garin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta kai kusan minti 74. Babi na uku shi kaɗai ya haura minti 19, alhali Gardiner a kusan 12 yake gama shi. Wannan tazarar ta isa ta nuna maka abin da madugu yake yi: a hannun Gardiner babin waƙa ce mai tafiya, a hannun Furtwängler kuwa lokaci yakan kusa tsayawa, kowace jimla sai ta ƙare tukuna ta gaba ta taso. Amma kada a ɓoye maka: sautin mono ne, wato ba a raba shi hagu da dama ba, ana jin 'yan kallo suna tari, ƙaho ya goce a babi na uku, kuma a daƙiƙun ƙarshe gudun ya yi yawa har makaɗan suka rabu da juna. Bai dace ya zama na farkonka ba. Fara da na Ferenc Fricsay da Berlin Philharmonic na 1958, sitiriyo ne, muryoyin a sarari, kuma mawaƙi Dietrich Fischer-Dieskau ne ya buɗe waƙar da ake rerawa a babin ƙarshe. In kiɗan ya zauna maka a kai, sai ka koma ga Furtwängler ka ji abin da ya yi da shi.

Da yawa masu cewa faifan bai yi ba, matsalar daga saitin wayarsu take. Kiɗan nan tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a cikinsa babba ce. Lasifikar waya ba ta fitar da manyan goguna da tamburan ƙasa, don haka gadar nan ta simfoni ta 5 sai ta zama shiru kawai. Sa abin sauraro mai rufe kunne. Kashe saitin daidaita ƙarar waƙoƙi, ko aƙalla kada ka bar shi a matakin ƙara mafi girma, domin yana iya danne wuraren da aka fashe da ƙarfi. Kashe zaɓen barkatai, in ba haka ba babi na huɗu zai riga na farko. Kunna saitin da ke hana tsaiko tsakanin waƙa da waƙa, saboda babi na uku da na huɗu na ta 5, da babi uku na ƙarshe na ta 6, a manne suke. Tsaikon daƙiƙa biyu, balle talla, yana kashe wurin.

Batun data kuma, duka taran sun kusa awa shida. A inganci na 320 kbps minti ɗaya yana cin kimanin MB 2.4, wato jerin bai kai GB 1 ba. A tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin CD, sai ka tanadi kusan ninki biyu. Ga naɗin Furtwängler na 1951 ba sai ka kashe data a FLAC ba, bambancin da wuya ya kai kunne. A Kleiber da Harnoncourt ne ya biya kuɗinsa, in abin sauraronka mai kyau ne.