Gam ɗin da sai an haska masa fitila yake kamawa

Sana'ata haɗa kantar gilashi a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, irin wadda masu waya a Adum da masu sarƙa da zobe a Kejetia suke baje kaya a ciki. Da silikon na saba tun ina yaron shago, sai bana wani abokin sana'a ya matsa mini in gwada gam ɗin nan mai bushewa da hasken UV, wato wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ake samu daga rana ko fitila ta musamman.

Haƙurinsa ne ya fara burge ni. Ka shafa, ka jera gilashi, ka daidaita kusurwa yadda ranka yake so, yana nan ruwa-ruwa. Akwai wani sinadari a cikinsa da hasken yake tayarwa, shi yake sa ya daskare. Kana kunna fitila, kafin minti ɗaya ya riƙe, alhali silikon sai ya kwana. Ga shi garau, ba ya barin farin tabon da sufa gulu yake bari, sai mutum ya ƙura ido kafin ya ga mahaɗar.

Amma fa inda haske bai kai ba, ba ya bushewa ko zai shekara. Gilashi da gilashi, ko gilashi da ƙarfe, lafiya lau, tunda hasken yana ratsa ɓangare ɗaya. Katako da ƙarfe kuwa, kada ka ɓata kuɗinka. Gilashi mai leda a tsakiya, irin na gaban mota, shi ma yana tare yawancin hasken.

A fitilar ake cutar mutane. A jikin kwalbata an rubuta 365 nm, wato lambar irin hasken UV da gam ɗin yake so, amma tocilar da mai shagon ya haɗo mini ta 395 ce, irin ta duba jabun kuɗi. Tana sa shi ya kama, sai dai da jan ƙafa, kuma riƙon bai kwanta mini ba. Na sayi ta 365 mai caji, ko an yi dumso, wato ɗaukewar wuta, aiki ba ya tsayawa.

Kada a buɗe kwalbar a rana, hasken ranar ma yana daskarar da shi tun a bakinta. Yarana kuma na tilasta musu tabarau da safar hannu, don hasken yana lahanta ido, ɗanyen gam ɗin kuma yana sa wasu ƙaiƙayi.

Ya fi silikon tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ware shi ga aikin da ido zai gani. Cike giɓi da bakin taga har yanzu na silikon ne.