Hattara da masu tallan "maganin" hitar mota da ke hura sanyi a silo

Jama'a, duk mai mota ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗinsa. Da sanyi ya shigo, tallace-tallace sun cika kafafen sada zumunta, kuma waɗanda ake hari su ne masu matsala guda ɗaya: kana tafiya hita tana ba ka ɗumi, da ka tsaya a danja ko cunkoso inji ya koma silo sai ta fara hura iska mai sanyi, ka taka totur kuma ɗumin ya dawo. Masu tallan nan sun san abin na damun mutane, shi ya sa suka fito da kaya iri biyu. Akwai 'yar na'ura da ake soka wa a soket ɗin kunna sigari, wadda suke cewa za ta ɗumama mota gaba ɗaya cikin daƙiƙu. Akwai kuma kwalbar wani ruwa da suke cewa ka juye a lagireto, shi ke nan hita ta warke, ba sai ka je wurin bakanike ba. Dukansu yaudara ce, kuma ta biyun tana iya jawo maka asarar da ta ninka kuɗin da ka biya.

'Yar na'urar, lissafi kaɗai ya isa ya tona asirinta. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce. Soket ɗin sigari kuma akasari fiyus mai amfiya 10 ko 15 ke tsaronsa. Ka ninka, za ka samu wat 120 zuwa 180, kuma iyakar abin da soket ɗin zai iya bayarwa ke nan kafin fiyus ya ƙone. To ta ina wat 800 ko 1000 da suke rubutawa a jikin kwali zai fito? Butar dafa ruwa ta lantarki ma tana cin wat 1500 zuwa sama. Hitar mota ta asali kuwa ba da wutar batir take yin zafi ba, zafin inji take ɗiba, kuma abin da take bayarwa ya kai dubban wat. Idan ka soka na'urar za ka ji 'yar fanka tana ƙara, ka kai hannu daf da bakinta ka ji ɗan ɗumi, ka ja hannun baya kaɗan ka ji babu komai. Akwai masu sayar da irinta da gaskiya, su rubuta wat 150, su ce don share raɓa ce a ɗan wuri a gilashi. Waɗannan ban da magana a kansu. Maganata a kan masu ƙaryar lamba ce, masu nuna bidiyon ƙanƙara na narkewa kamar almara.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shawarar da wasunsu ke bayarwa idan ka koka cewa fiyus ya ƙone: wai ka sa mai girma. Don Allah kada ka yi. An sa fiyus ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Ka sa wanda ya fi ƙarfin wayar, sai wayar ta ɗauki zafi a can bayan dashbod inda ba ka gani, roba ta narke, daga nan sai gobara.

Kafin in zo kan kwalbar, ya kamata a san yadda hita ke aiki, don a nan ne ƙaryar ke fitowa fili. A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji, ɗaya na kawo ruwan zafi, ɗaya na mayarwa. Wata-famfo, wato famfon ruwan inji, ke tura ruwan, kuma a yawancin motoci inji ne ke juya shi, don haka gudunsa na bin gudun inji. A silo yana juyawa a hankali, turawar ba ta da ƙarfi. Idan komai lafiya, wannan 'yar turawar ta wadatar. Idan kuwa akwai cikas, ruwan ba zai isa ƙaramin lagireton ba sai ka taka totur. Wato motar na faɗa maka cewa ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, kuma ruwan nan shi ne ke hana injinka yin zafi fiye da kima.

Dalilin da aka fi samu shi ne ruwan ya ragu. Ruwan lagireto kuma ba ya raguwa haka kawai, in ya ragu to yana yoyo ta wani wuri: tiyo ya tsage, murfin lagireto ya daina riƙe matsi, wata-famfo na ɗiga, ko shi kansa ƙaramin lagireton. Sai kuma iska da ta maƙale a hanyar ruwa, musamman bayan an canza ruwa ko an kwance wani tiyo ba a fitar da iskar ba. A irin wannan har za ka riƙa jin ƙarar ruwa na gudana a bayan dashbod idan ka tayar da mota. Akwai wata-famfo da fukafukansa suka cinye ko suka saki. Akwai toshewar ƙaramin lagireton da tsatsa da datti, abin da ke yawan samun motar da ake zuba wa ruwa zalla babu kulan, wato ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa. Wasu motocin suna da ƙaramin famfo na lantarki da ke taimakawa a silo, idan ya mutu alamar ke nan. Mafi muni shi ne gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, hayaƙin inji na kutsawa cikin hanyar ruwa yana korarsa.

Yanzu ka ɗauki kwalbar nan ka auna ta da waɗannan. Ba za ta fitar da iska ba. Ba za ta mayar wa famfo fukafukai ba. Irin waɗannan ruwan da ake cewa na toshe yoyo, aikinsu shi ne su daskare ko su taru a ƙananan ramuka. Hanyoyin da ke cikin ƙaramin lagireton hita kuwa suna cikin mafi ƙanƙanta a duk inda ruwan ke bi. Idan dama sun fara cushewa, ka zuba musu abin toshewa, ka ƙarasa su ke nan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hitar da a da ke ba ka ɗumi in kana tafiya sai ta daina gaba ɗaya, kuma canza wannan lagireton a motoci da yawa sai an kwance dashbod. Kwalbar da babu sunan kamfani, babu bayanin abin da ke ciki, babu adireshi, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗura wa injinsa ita ba.

Salon tallan ma ya isa ya sa ka ja baya. Agogo na ƙirgawa wai rangwame zai ƙare, ka dawo gobe ka tarar yana ƙirgawa daga farko. Yabo iri ɗaya, kalma a kan kalma, daga mutane daban-daban. Sai an biya kafin a turo kaya, kuma ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. Wasu har su ce ka turo musu bidiyon motar, cikin minti kaɗan su "gano" ciwon su ce ga kayan da za ka saya a wurinsu. Sayen kifi a ruwa ke nan. Babu mai gano wannan matsala bai taɓa motar ba.

Binciken farko kai ma za ka iya. Da safe, inji na sanyi, duba robar ajiyar ruwa ka ga ko ruwan na tsakanin layin ƙasa da na sama. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na ƙarƙashin matsi kuma yana iya wuce digiri 100, zai watso ya saɓule fata. Bayan inji ya ɗumama, hita na kunne, taɓa tiyo biyun nan da ke shiga bangon da ya raba inji da cikin mota, cikin kula, nesa da fanka da fambel. Ɗaya da zafi ɗaya da ɗan ɗumi kawai, ruwa ba ya wucewa sosai ta ciki. Duka biyun da zafi amma iska na fitowa da sanyi ko ka taka ko ba ka taka ba, to a duba ƙyauren da ke haɗa iskar zafi da ta sanyi. Idan allurar zafi ba ta tashi zuwa inda ta saba, kuma sanyin ya fi yawa a kan buɗaɗɗiyar hanya, tamostat ne, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ya maƙale a buɗe ko an cire shi. Kafet ya jiƙe a gaba, gilashi na yin raɓa mai maiƙo da wani ƙamshi mai zaƙi, ƙaramin lagireton ne ke yoyo. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma fari-fari, ko kumfa na tasowa a robar ruwa, ajiye motar ka kira bakanike.

A gareji ma ka nemi a gwada kafin a kwance. Akwai famfon gwajin matsi da ke nuna inda ruwa ke yoyo, akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji na shiga ruwan lagireto. Wanda ya ce a fara da kwance dashbod bai duba ruwa ba, bai fitar da iska ba, bai taɓa tiyo ba, ka tambaye shi me ya gani.

Wanda ya riga ya zuba kwalbar, ya gaya wa bakanikensa gaskiya, a wanke hanyoyin ruwan tun da wuri, a kora ruwa ta ƙaramin lagireton ta baya, a zuba kulan irin wanda littafin motar ya ce. Wanda ya sayi 'yar na'urar, ya zare ta ya duba ko bakin soket ɗin ya yi baƙi ko ya narke, in kuma ya canza fiyus ya mayar da mai lambar asali. Wanda ya biya ba a turo masa komai ba, ya ajiye hotunan tallan da shaidar biya, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya kai ƙarar shafin a dandalin da ya gan shi don a rufe shi.