Akwatin Taimakon Gaggawa na Kyanwa: Abin da Ake Samu a Ingila da Abin da Za Ku Iya Haɗawa

'Yan uwa na gida masu kiwon kyanwa, ina gaisuwa. A nan Ingila ana sayar da jakar taimakon gaggawa ta dabbobi a haɗe. Kyau kam tana da shi, sai dai yawancinsu da kare a zuciya aka yi su, bandejin ya yi wa ƙafar mage faɗi. Wadda mutum ya haɗa da hannunsa ta fi amfani.

Ku samo roba mai murfi ku zuba ƙyallen rufe ciwo wanda ba ya mannewa, bandeji mai faɗin santimita 2.5 zuwa 5, almakashi marar tsini, hantsaki, safar hannu, sirinji marar allura, ma'aunin zafi da babban tawul. Tawul ɗin ya fi komai, domin mage mai jin ciwo ba ta san mai ita ba. A naɗe ta a bar wurin ciwon kawai a waje. Kada auduga ta taɓa buɗaɗɗen rauni, zarenta na maƙalewa a ciki.

Ruwan gishirin wanke ciwo a ƙananan robobi ake sayar da shi nan, a fasa ɗaya a yi amfani da shi a yar. Na gida bai gaza ba: cokalin shayi ɗaya na gishiri a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, sabo a kowace rana. In za a sa aidin, a tsinka shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri. Jini kuwa a danne da ƙyalle na minti 5 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba, leƙen ne ke ɓare gudan jinin da ya fara haɗuwa.

Kaya biyu ne na nan suka burge ni. Akwai bandejin da ke kama kansa ba ya kama gashi, amma yana da miƙewa, saboda haka da sauƙi a matse shi fiye da kima. In yatsun ƙafar suka kumbura ko suka yi sanyi, a kwance nan take. Sai ƙaramar ƙugiyar cire kaska, wadda ake zurawa ƙarƙashinta a murɗa. Da hantsaki, a kama daf da fata, kar a matse cikinta.

Maganin mutane ba shi da wuri a akwatin nan. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta: dasashi ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen na lalata ƙoda. Dettol guba ne gare ta, ga shi duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin na sa ta karkarwa da jijjiga. In ta ci guba, kar a ɗura mata gishiri don ta yi amai. A ɗauki kwalin abin a tafi da shi wurin likita.

Inda mutanen Ingila suka fi mu shi ne dare. Ƙa'idar aikin likitocin dabbobi a nan ta wajabta musu tanadin kulawar gaggawa awa 24, kuma akwai layin waya na Animal PoisonLine don tambaya kan guba. Tun 10 ga Yuni 2024 dole ne a dasa wa kowace kyanwa 'yar ƙwayar na'ura mai lambar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20. Ku da ba ku da wannan tsari, ku nemi lambar likitan da zai ɗaga waya da dare tun mage na lafiya, ku manna a murfin akwatin tare da nauyinta da tarihin rigakafinta.

Ku rubuta har da ma'aunin lafiya: zafin jiki kusan digiri 38 zuwa 39.2, numfashi 20 zuwa 30 a minti in tana hutawa. Mage mai numfashi baki buɗe, ko muzurun da ke ta yunƙurin fitsari babu ko ɗigo, ba aikin akwati ba ne. Toshewar mafitsara na iya kashe muzuru cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka a kai shi wurin likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.