Daren da na ga ana kaɗa jitar Agadas ido da ido a Samaru

Shekara shida ke nan ina jin kiɗan jitar Abzinawa a waya. Wani abokin karatuna ɗan Maraɗi ne ya fara tura min muna aji biyu, tun daga ranar ban rabu da shi ba. Amma ban taɓa ganin hannun da ke kaɗawa ba sai daren Asabar ɗin da ta wuce, da wasu matasa suka ɗauko makaɗa huɗu daga Agadas suka yi wasa a wani buɗaɗɗen fili a gefen Samaru. Tikitin tsayuwa naira 3,000, na kujera naira 10,000. Na tsayuwa na saya, ni da ƙanena, kuma shi zan ba kowa shawara ya saya, domin waɗanda suka biya kuɗin kujera ma ba su yi minti ashirin a zaune ba.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai, don in huta da shi. A takardar talla an rubuta ƙarfe biyar na yamma. Biyar saura muna bakin ƙofa, muka tarar ana ta jan waya, ko lasifika ba a gama ɗorawa ba. Magariba ta yi, babu ruwan alwala, babu ko tabarma ɗaya, sai da muka fita har bakin titi muka sami masallaci. Da muka dawo masu tsaron ƙofa suka ce sai mun sake biya, wai ba su shaida mu ba, alhali su ne suka yage tikitin ba su sa mana ko tambari a hannu ba. Wani dattijo ne ya shiga tsakani aka bar mu muka wuce. Duk wanda zai tara jama'a a Zariya tun daga la'asar har dare ya san magariba da isha'i za su riske su a wurin, wannan ba abin da za a tuna wa mutum ba ne. Banɗaki babu. Bayan filin duhu ƙirin, shi ya sa na gode wa Allah da ban zo da ƙanwata ba, ko da yake ta roƙe ni.

Wasu ɗalibai ne suka buɗe fage wajen takwas da rabi da waƙoƙin rok na Turanci. Mai gangarsu gwani ne, yaro ƙarami amma hannunsa ba ya kuskure. Mawaƙin kuwa makirfo ya cuce shi, sai ƙara yake yi kamar ana yanka ƙarfe. Dattijon nan da ya cece mu a ƙofa, wanda ashe tsohon ma'aikacin jami'a ne, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kada ka ɗauka wannan baƙon abu ne a garin nan. Bongos Ikwue a nan Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu, a nan ya haɗa ƙungiyarsa ta kiɗa." Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya ci gaba da ba ni labarin shekarun 1970, lokacin da ƙungiyoyin samarin Najeriya irin su Ofege da BLO ke kaɗa rok ana sayen faifansu a kasuwa.

Sai 'yan Agadas suka hau. Kafin su hau na hango babban mai jitar a gindin teburin mai shayi yana gasa yatsunsa a bakin wuta, don sanyin hunturu ya sauko sosai, irin na Samaru mai shiga ƙashi. Doguwar riga mai ruwan bula, farin rawani ya rufe baki, jitar a rataye, akwatin sautinsa a kan kiret ɗin lemo. Ya yi sallama da Hausarsu ta Nijar, ya ce sun gaishe da mutanen Zazzau, filin ya ɗauka.

Na kutsa har gaban dandamali, taku uku tsakanina da shi, kuma a nan na ga abin da waya ba ta taɓa nuna min ba. Ba ya riƙe ɗan robar nan da masu jita ke kaɗawa da shi. Babban yatsa na dukan tsirkiya mai kauri, murya ɗaya tak, ba ta canzawa, kamar yadda mai garaya ke riƙe gindin kiɗa. Manuniya kuma tana yawo a kan siraran tana zuba kalamai. Mutum ɗaya, amma kunne na jin biyu. Ana fara waƙa a hankali, da taku irin na raƙumi, mai ganga yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba, sai ka farga ƙafarka ta riga ka. Waƙa ɗaya ta kai minti goma sha biyu. Da ya taka ɗan akwatin da ke gaban ƙafarsa, muryar jitar ta kumbura ta yi kaushi, na ji ta a ƙirjina kafin kunnena. Ƙura ta tashi daga ƙafafun masu rawa ta gauraya da hasken fitila. Ƙanena ya kama hannuna yana cewa, "Yaya, Yaya, ka ji?" Na kasa ba shi amsa, idona ya cika.

Da Tamashek, harshen Abzinawa, suke waƙa, ban ji ko kalma ba, amma na san daga ina kiɗan ya fito. Rok ɗin kansa a Amurka aka haife shi a shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fata. Samarin Abzinawa da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya ne suka ɗauki jitar lantarki a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980, suka zuba mata waƙoƙin kewar gida. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta fito daga cikinsu, har ta ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012. A Nijar akwai Bombino ɗan Agadas, da Mdou Moctar, bahagon nan da ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Yawancin makaɗan Agadas a wajen biki suke ci, kuma an ga alamar haka a daren nan: mai jitar idonsa na kan jama'a kullum, da ya ga wani gefe ya yi sanyi sai ya juya musu ya tsaya a kansu har su motsa.

Ana tsakiyar waƙa ta biyar janareto ya mutu. Tun ƙarfe huɗu yake aiki, ba a tanadi ƙarin mai ba. Kusan rabin awa muka yi a duhu ana neman jarka, mutane da yawa suka tafi, musamman masu iyali. Wannan ma laifin masu shiryawa ne, kuma ya rage mana waƙa biyu ko uku da muka biya kuɗinsu. Makaɗan ba su nuna fushi ba, suka zauna a bakin dandamali suna gaisawa da mutane. Na miƙa wa mai jitar hannu, na ji kan yatsunsa da kanta, tauri kamar fatar kirgi.

Masu haɗa sauti sun fifita ganga a kan murya, wanda ke can baya ya ce amo kawai yake ji. In za ka je irin wannan, ka tsaya gaba amma ba daidai bakin lasifika ba, ka ɗan koma tsakiya. Ka sa rigar sanyi da hula, ka riƙe takunkumi saboda ƙura, ka ci abinci daga gida, ko da yake mai tsiren da ke bakin ƙofa ya yi ƙoƙari. Ga makaɗa na ba su goma bisa goma ba tare da shakka ba. Masu shiryawa kuwa uku bisa goma, kuma ukun ma don sun yi tunanin ɗauko mutanen nan ne tun daga Agadas.

Sha biyu saura aka tashi. Keke Napep ya yi wuya, wanda muka samu ya ninka kuɗi uku zuwa Kwangila, daga can muka hau acaɓa zuwa Tudun Wada. Har na kwanta kunnena na hagu bai daina ƙugi ba. Da safe na iske ƙanena a zaure da katako da ƙusa da tsohuwar wayar birki, yana tambayata tsirkiya nawa ce a jikin jita.