Mishad a Ƙarƙashin Atamfa: Abin da Na Gani Bayan Biki Uku

Wata huɗu ke nan da na sayi abin ɗaure ciki, wanda Larabawa suke kira mishad, mu ma Hausawan Jidda da wannan sunan muka san shi. A wani shago da ke kasuwar Balad na saye shi riyal 140, har da harajin nan na kashi 15 cikin ɗari da ake biya tun watan Yulin 2020. Irin mai ƙugiyoyi layi uku ne a gaba, da siraran ƙarafa a jikinsa, yadinsa kuma roba ce gauraye da nailan.

Yayin ɗinkin koset ne ya kai ni ga sayensa, wato rigar nan mai kama ƙugu da ta cika Legas da Kano, har ta iso bukukuwanmu na nan. Goggona ta kawo mini atamfa yadi 6 daga Kantin Kwari sa'ad da ta zo umarar azumi. Ba 'yar Holan ba ce ta kamfanin Vlisco, wanda yake garin Helmond tun 1846, ta China ce mai sauƙin kuɗi, amma auduga ce sosai, kuma na wanke ta sau huɗu shuɗinta bai zuba ba. Ita kam ba ni da ƙorafi a kanta.

Kuskuren da na yi a wurin awo ne. Maɗinkiyata a Makka ta ce, “Hajiya, ki ɗaura mishad ɗinki kafin in auna ki, rigar za ta fi zama.” Na ɗaura, ta auna, rigar kuwa ta zauna yadda ban taɓa ganin ɗinki ya zauna mini ba. Sai dai daga ranar rigar ta zama ba ta shiga jikina sai da shi.

Duk wadda ta san bikin ƙasar nan ta san ana taruwa ne bayan isha'i, amarya ba ta shigowa sai dare ya raba, abinci kuma sai wajen ƙarfe biyu. A sa'o'i biyun farko, muddin ina tsaye, mishad ɗin ya yi aikinsa: ciki ya lafe, baya ya miƙe, ƙugiyoyin kuma ba su nuna ta saman atamfar ba. Da zama ya yi tsawo sai ƙarafan suka fara sukar ƙasan haƙarƙarina, kuma da aka kawo mandi, wato shinkafa da nama, loma kaɗan na yi na janye hannu, domin babu inda abincin zai sauka. A biki na biyu asuba ta riske ni kafin in cire shi, ruku'u da sujada suka zame mini aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Amfanin atamfar auduga shi ne iska tana ratsa ta, robar kuwa ta toshe wannan hanya gaba ɗaya, ga abaya a sama, ga kuma laimar iskar Jidda. Tsakanin ƙofar zauren biki da mota kaɗai na jiƙe sharkaf, washegari ƙuraje suka feso mini a ƙugu. Mai shagon ta ce gumin nan shi ne kitse yake narkewa, amma ma'aunina bai motsa ba a wata huɗun nan. Ko goggona, da na nuna mata, dariya ta yi ta ce su da zani suke ɗaure ciki lokacin jego, kuma suna kwancewa idan sun gaji.

Da hannu nake wanke shi in shanya a inuwa, duk da haka robar ta fara saki, har na koma layin ƙugiyoyi na biyu. Zan ci gaba da sa shi a taron da bai wuce sa'a uku ba, a kan shimi ta auduga. Rigar kuwa na mayar da ita Makka a buɗa ta, aka tarar ba a bar rara a ciki ba, sai da muka nemo ragowar ƙyallen ɗankwalin aka ƙara a gefe biyu.